Hannun Mai Walda

Ranar da Ummusalma ta fara ganin Armiya'u, ta kai wa mahaifinta Malam Sabo fura ne a garejin bakin tashar Ƙaura Namoda. Ana gyara masa bas ɗinsa ta ɗaukar mata, wadda wani sa ya lotsa wa ƙofa a hanyar Shinkafi. Saurayin yana durƙushe yana ɗosana bakin injin walda, ƙananan ƙusoshi suna mannewa cikin lotsin. Sai ya maƙala musu guduma mai zamewa yana fizga, ƙarfen yana miƙewa a hankali kamar ana lallashinsa.

Ya ɗaga baƙin tabarau. "Ƙanwata, kauda idonki, wutar ga tana cin ido."

"Kai naka fa?"

"Nawa ai yanzu anka cinye su."

Ta rufe fuska da mayafi ta wuce, ta manta da kwanon furar.

Lokacin layin waya bai daɗe da isowa Ƙaura ba. Ta wayar yayarta saƙonsa yake shigowa: "Salmata, yau na ƙone yatsa don tunaninki. Ki yi mini addu'a." Ita kuma ta mayar: "Gwanina, ka kula da hannun nan, ba naka ba ne kai kaɗai."

Malam Sabo bai yi na'am ba. Hankalinsa yana kan Imrana, dillalin motoci, wanda ya daɗe yana neman ta. "Mai walda kafin ya tsufa ido ya mutu," in ji shi. "Ke za ki riƙa ja masa sanda?"

Imrana kuwa bai yi faɗa da kowa ba. Murmushi kawai yake in ya haɗu da Armiya'u, irin wanda bai kai ido ba. Wata Laraba ya kawo masa jar mota mai yagaggen gefe, ya ce a ɗinke ta da ɗigon walda, a sake mata fenti, sauri ake. Malam Sabo yana zaune ƙarƙashin dalbejiya, a gabansa aka miƙa mabuɗin.

Fentin bai gama bushewa ba 'yan sanda suka iso da Alhaji Maitama na Zurmi, wanda aka sace motar daga ƙofar gidansa. Armiya'u ya ce Imrana ne ya kawo ta, shi kuwa Imrana ya rantse bai taɓa ganin ta ba. A shekarun nan babu wanda bai san abin da sata ke jawowa a Zamfara ba. Da aka fito da Armiya'u, mutanen tasha ba fuskarsa suke kallo ba, wuyan hannunsa na dama suke kallo.

Har gida Imrana ya zo yi wa Ummusalma jaje. "Wanda kika zaɓa ke nan," ya ce a hankali. Har ta fara kokwanto, sai ga saƙon da Armiya'u ya turo kafin a karɓe wayarsa: "Salmata, wallahi ban ɗauki abin kowa ba. Baba ya ga wanda ya kawo ta. Kada ki matsa masa, ubanki ne."

Ta samu mahaifinta yana alwala, ta durƙusa.

"Baba, ba roƙon aure na zo ba. In ka hana ni shi, na haƙura. Amma da hannun nan yake ciyar da tsohuwarsa."

Ya gama wanke ƙafa ya fita.

Ranar shari'a tana zaune a ɓangaren mata. Alƙali ya tambaya ko akwai wanda ya ga lokacin da aka kawo motar. Ɗakin ya yi tsit, sai kukan fanka. Imrana ya waiwayo yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Alƙali ya sake tambaya, ya ɗauki biro.

Sai ta ji tarin da ta sani. Malam Sabo ya miƙe yana dafa bango.

"Allah gafarta Malam, ni na gani. Imrana ya kawo ta, a gabana ya ba da mabuɗi."

Dogo mai shayin tasha, wanda ya gani amma tsoro ya rufe masa baki, shi ma ya miƙe. Alƙali ya wanke Armiya'u, ya sallame shi. Kafin a farga Imrana ya sulale. An ce ya tsallaka Nijar, babu dai wanda ya sake ganinsa, kuma an daɗe ana waige a tasha in baƙuwar mota ta tsaya.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Sabo. Da za a kai amarya, ya kira su biyun zaure. Ya dubi angon.

"Armiya'u, saura kaɗan in yi shiru rannan. Ka yafe mini."

"Haba Baba, ai ba ka yi ba."

Tsohon ya share ido da bakin rawani. "Ga ɗiyata nan, amana. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya tsare ku daga sharrin mai sharri, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Daga cikin lulluɓi Ummusalma ta ce amin.