Sa Hannun Alhaji Hashim

Mikail ya ajiye takardar a bakin tabarma, ninke biyu, bai ko kalli fuskarta ba.

"Baba ya ce a mayar miki da sammacinki."

Bahijja ta ɗauki takardar ta buɗe. Zauren gidansu na Koki ne, bayan la'asar, inda suka saba zama shekara biyar ba a taɓa jin kansu ba.

"Sammaci kuma? Mikail... tambayoyi ne fa goma sha biyu."

"Da hatimin jami'a a sama, da wurin sa hannu a ƙasa. Ke ma kin san abin da hatimi yake nufi a wurinsa."

To bari in koma baya, don ni ba na fara gini daga rufi. Ban taɓa zama a aji ba, amma ambaliya uku ta ci unguwar nan ina tsaye da ƙafata, abin da na gani da ido kuwa ba farfesan da zai gyara mini shi.

Bahijja 'yar Malam Ɗalha ce, baduku a Kasuwar Kurmi. Tun tana sakandare ta ɗora ranta a kan karatun tsara muhalli da birane, karatun da mutanen unguwa suka yi ta tambayar me ake ci da shi. Sharuɗɗansa ba wasa ba ne. Sai da kiredit biyar, a ciki har da Turanci da lissafi da labarin ƙasa. Shekarar farko labarin ƙasa ya kayar da ita, ta zauna gida shekara guda tana kallon ƙawayenta suna wucewa, ta sake, ta ci. A lokacin ne uban ya rantse ba mai ɗaura mata aure sai ya riƙe shaidar digirinta a hannunsa. Mikail, mai sayar da turare a rumfar mahaifinsa, ya ce ya ji ya gani. Ya jira ta yi darussan taswira, ya jira ta yi wata shida na aikin horo tana auna magudanai da takalmin roba, har abokansa suna kiransa angon kwata. Dariya kawai yake yi.

Abu ɗaya ya rage, binciken shekarar ƙarshe. Malaminta ya ba ta kududdufin bayan layinsu, ta gano inda ruwan damina yake fitowa ya taru a ciki, da inda zai nufa in babu shi. Sashen nasu kuma ba ya karɓar bincike sai ɗalibi ya tattauna da mai filin, ya sa masa hannu. Mai filin kuwa Alhaji Hashim ne, mahaifin Mikail, wanda ya riga ya fara maganar cike wurin ya jera shaguna.

Nan ta yi kuskuren da kowace 'yar birni mai tarbiyya za ta yi. Mutumin da ko sunansa ba ta iya faɗa, wanda in ta hango shi a lungu take canja hanya, ta yaya za ta zauna gabansa tana jero masa tambaya? Sai ta ba Mikail takardar ya kai. Alhaji ba ya karanta Turanci. Wadda ta karanta masa ita ce Salma, 'yar ƙanwarsa, da dangi suka daɗe suna so a haɗa da Mikail. Salma ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, zaɓe kawai ta yi. Ta karanta inda aka tambayi ko ya nemi izinin hukuma, da inda aka tambayi ko ya san gidaje nawa ruwa zai shiga, ta ninke takardar ta ce ita dai ba ta son shiga maganar manya.

Ranar Alhaji ya ce yarinyar da ta kai shi ƙara tun ba ta shigo gidansa ba, in ta shigo sai ta sa an rushe shi.

To a zauren nan, bayan ya mayar mata da takardar, Mikail ya sassauta murya ya kawo mata mafita biyu. Ko ta canja batun binciken, ko shi ya sa hannun. Ya ce shekara nawa yana sa wa Baba hannu a takardun kaya, hannunsa ya san na uban, ba malamin da zai gane.

"Canja batu shekara guda ce, kin sani, na sani. Ni kuma na gaji, Bahijja. Ba da ke na gaji ba, abar ƙaunata... da jira na gaji."

Ta kalli alƙalamin da ke aljihunsa. Sati uku ya rage a miƙa aiki. Da ta ce to, da komai ya wuce.

"In na fara aikina da hannun ƙarya, duk taswirar da na zana nan gaba wa zai yarda da ita? Ni kaina ba zan yarda ba."

Ya tashi ya fita, sallamar ma a ciki ya yi ta.

Kwana huɗu bai zo ba, bai kira ba. Ta yi kuka, ta share, ta sake yi. A na biyar ta ɗauki mayafi ta gaya wa mahaifiyarta inda za ta. Uwar ta riƙe haɓa ta ce a danginsu kaf ba a taɓa jin budurwa ta tunkari uban saurayinta da magana ba, mutane za su ce boko ya cinye mata kunya. Bahijja ta ce kunyar ce ta jawo wannan, ita kuma ba ta da wanda za ta aika da ya san abin da ta auna.

Da hantsi ta isa. Alhaji Hashim yana zaure a kan darduma da carbi a hannu, Mikail na gefe yana jiran su wuce kasuwa. Ta cire takalmi tun daga waje, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaishe shi, idonta a ƙasa. Sai da ya ja carbin nan ya kai ƙarshe kafin ya amsa.

Ta nemi afuwa a kan aiken da ta yi. Ta ce takardar ba ta hukuma ba ce, sharaɗin makaranta ce, in bai sa hannu ba ba za ta fita bana ba. Ta gaya masa lunguna uku ne suke zubar da ruwansu a kududdufin, in aka cike shi ruwan zai bi gangare ya shiga gidaje sha tara, yawancinsu ginin ƙasa.

"Kin rubuta haka?"

"Na rubuta, Baba."

"In na ce ki goge fa?"

Mikail ya ɗago kai. Bahijja ta amsa, idonta a ƙasa.

"Zan haƙura da bana, Baba, in sake shekara. Amma ba zan goge ba. Ruwan ba zai goge ba."

Da Alhaji ya buɗe baki, ba faɗa ya yi ba. Cewa ya yi ramin nan kakansa ne ya haƙa shi, da ƙasar aka gina gidan da suke zaune a ciki da rabin layin. Ya ce yana yaro suna kama tarwaɗa a ciki, yanzu kuwa ba abin da ke ciki sai leda da sauro, shi ya sa ya ce gara shaguna. Bai taɓa tambayar kansa inda ruwan zai je ba, don bai taɓa ganin shekarar da ramin ba ya nan ba.

"Karanto min tambayoyin naki. Duka, da Hausa. Kada ki tsallake ko ɗaya."

Ta karanta, yana amsawa, tana rubutawa a kan gwiwarta. Wasu ya amsa da gatse, wasu ya gyara mata, har ya gaya mata wata tsohuwar hanyar ruwa da aka toshe wadda ba ta cikin taswirarta. Da suka zo ta ƙarshe, ko har yanzu yana da niyyar cikewa, ya ce ta rubuta mai filin bai yanke shawara ba, kada ta ƙara masa ko ta rage.

Ya karɓi alƙalamin Mikail ya sa hannu da ajami, a hankali, sannan ya miƙa wa ɗan takardar ba tare da ya dubi Bahijja ba.

"Ba ta. Ka kuma gaya wa Malam Ɗalha, ranar da takardar digirin ta fito, ni zan zo da kaina in gani."

A lungu Mikail ya cim mata, ya rasa ta inda zai fara. Ta ce ya bari sai ta daina rawar jiki tukuna. Ya ce zai jira. Ta harare shi, ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Ta kare bincikenta gaban malamai, ta fita. Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura auren, ni ma na ci goron.

Kududdufin yana nan. Ba a cike shi ba, ba a kuma ce an fasa ba. Bahijja kuwa tun daga ranar ba ta sake haɗa zance da surukinta ba, in ta ji takunsa a tsakar gida ɗaki take shigewa. Sai dai duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa daga gabas, Alhaji yakan kira Mikail gefe.

"Je ka tambayo min ita. Ruwan bana ina ya nufa?"