Wandon Anir da Ƙwallon Rami na Tara

Ranar da Nuhaila ta fara ganin Anir, mahaifinta ne ke korarsa.

Tana cikin shagon kayan wasa na filin golf da ke bayan garin Agadir, tana jera safar hannu, sai ta jiyo muryar mahaifin nata, Si Lahusin, daga bakin ƙofa. Shekararsa talatin da ɗaya a filin. Da ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna ya fara, yanzu shi ne shugaban masu ɗaukar jaka, kuma shi ke duba shigar kowa kafin ya taka ciyawa.

"Ina kwalar rigarka?"

Ta leƙa. Wani dogon saurayi ne cikin riga ruwan goro mai haɗe da hula, da wando mai faɗi yana sharar ƙasa. A jikin jakarsa ga ƙaramar sifika tana ta dukan kiɗa.

"Baba, ai yanzu manyan 'yan wasa ma irin wannan suke sawa."

"To je ka wurinsu. Nan sai da kwala. Kuma kashe min wannan abin, ba gidan biki ka zo ba."

Saurayin ya shigo shago ya ɗauki riga mai kwala, ya juya cikinta yana duba ɗinkin.

"Wa ya ɗinka wannan? Allah ya yafe masa."

"Saya za ka yi ko makoki?" in ji Nuhaila.

Ya ɗago ya dube ta, sai bakin nan mai surutu ya mutu. Ya biya, ya zura rigar a kan mai hular, ya fita kamar an cusa matashin kai biyu a riga ɗaya. Si Lahusin ya dube shi sama da ƙasa. Doka ta ce kwala, ga kuma kwala. Dole ya matsa masa hanya. Nuhaila ta duƙa bayan kanta tana dariya har da hawaye.

Ashe tela ne, yana da shago a Inzigan, kusa da Agadir, inda yake ɗinka wa matasa kayan golf irin na 'yan gayu, kuma shi ke haɗa wa mawaƙan unguwarsu kiɗa. Ya koyi wasan ne a rairayin bakin teku da wata tsohuwar sanda. Bayan zuwa na huɗu ya karɓi lambarta, wai don ya riƙa tambayar farashin ƙwallo.

Sai ga saƙonsa: "Salam 'yar gidan kwala. Yau na buga rami tara ban ci ko ɗaya ba. Laifinki ne, tagar shagonku nake kallo."

Ta mayar masa: "Ka gyara tsayuwarka dai, malam tela. Taga ba ta taɓa riƙe wa kowa sanda ba."

"Zuciyata fa? Wa ya riƙe ta?"

Ta karanta ya fi sau goma. Wallahi ita kanta ba ta san lokacin da abin ya kama ta ba.

Daga nan komai ya rikice. Matasa suka fara cika filin, kowa da kambas da riga mai hula, suna tafe suna gyaɗa kai. Manaja ya sassauta doka, har ya ce Nuhaila ta rataye kayan Anir a shago. Wani tsohon likita da ya fi kowa zagin "kayan 'yan iska" ya saya guda biyu, ya ce ta naɗe masa a baƙar leda. Si Lahusin ya rasa wa zai kora, wa zai bari. Sai ya tattara haushin duka ya ɗora wa mutum ɗaya.

Ranar da Nuhaila ta sa mahaifiyarta, Lalla Fadma, ta gaya masa Anir na son turo manyansa, ajiye kofin shayin ya yi da ƙarfi.

"Wannan mai wandon buhun? Shi ya lalata min fili, yanzu kuma gidana ya hango? Ga Rida, yaro mai natsuwa, kullum rigarsa a soke cikin wando."

Rida ɗan mai otal ne, ya daɗe yana zagaye shagon yana sayen abin da ba ya buƙata.

"Baba, ba na son Rida. Amma ba zan yi aure ba sai da albarkarka."

Ya juya kofinsa ya ce, "Asabar su buga rami tara, ina biye da su. Daga nan zan san wanda zan buɗe wa ƙofa."

Kowa ya ɗauka wanda ya ci wasa shi ya ci. Nuhaila ta rasa gane kan zancen. Yau ita aka mayar kofin gasa? Ta rubuta wa Anir: "Ka sa wando na mutane ranar Asabar, don Allah."

"Habibati, in na zo masa da kayan aro, wani zai aura miki, ba ni ba."

Da wandonsa ya zo. Sifikar dai ya bar ta a gida.

Shi wasan, wanda ya jefa ƙwallo a rami da bugu mafi ƙaranci shi ke da nasara, kuma kowane ɗan wasa shi ke faɗin bugunsa da bakinsa. Har suka gama rami takwas kunnen doki suke. Nuhaila ta rufe shago ta tsaya gefen rami na tara.

Bugun Anir na biyu ya karkace, ƙwallon ta faɗa cikin itatuwan turare. Ya shiga shi kaɗai, ganye ya rufe shi. Jim kaɗan sai ga ƙwallon ta fito ta sauka dab da tuta. Masu ɗaukar jaka suka yi sowa. Ya tura ta rami a bugu na huɗu. Rida sai da ya yi biyar.

Nuhaila ta dafe ƙirji. Alhamdulillahi!

Si Lahusin ya ciro fensir. "Rida, biyar. Kai fa, huɗu ko?"

Anir ya cire hula yana murza ta. "Shida, Baba."

"Me?"

"A cikin itatuwa ƙafar wandona ta ja ƙwallon, ta gusa kamar faɗin yatsa. Na rikice, ban mayar da ita wurinta ba na buga. Tarar bugu biyu ce."

"Wa ya gani?" wani mai ɗaukar jaka ya tambaya.

"Ni."

Rida ya yi dariya ya miƙa masa hannu. Si Lahusin ya rubuta shida, ya soke fensir a kunne, ya juya ya tafi.

Kan Nuhaila ya ɗaure tamau. Mutum ya ci, da bakinsa kuma ya kayar da kansa? Kwana uku tana juya abin, ba ta ga inda ya dosa ba. Ko dai ya gaji ne da rigimar babanta, ya samu hanyar zamewa cikin mutunci? Da ta kasa haƙuri ta rubuta:

"Da ka ce min ka fasa, da ya fi min sauƙi. Faɗin yatsa, Anir? A kan faɗin yatsa ka sayar da ni?"

"Nuhailata, tun daga itatuwan har bakin rami ina gaya wa kaina in yi shiru. Na kusa yi. Sai na tuna shekara hamsin zan yi ina kallon idonki da na babanki. Ban fasa ba. Ban dai san yadda zan yi ba."

Ta kife wayar ta yi kuka. Haushinsa take ji, sonsa take ji, ta rasa wanne ya fi yawa.

Ranar Laraba da la'asar Si Lahusin ya dawo daga aiki, ya same ta a tsakar gida tana tsince na'ana'a, idanu a kumbure. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"'Yata, kin san manya nawa na ɗaukar wa jaka? Masu kwala, masu turare. Na ga mai tura ƙwallo da takalmi. Na ga mai jefo wata daga aljihu. Ni kuma in kawar da kai in ce, madalla da bugu, ranka ya daɗe. Shekara talatin da ɗaya ina faɗin haka, don ku ci abinci."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Ranar Asabar ban ga komai ba. Da ya ce huɗu, huɗu zan rubuta. Kwana huɗu ke nan ina neman aibin yaron nan, ban samu ba sai wando."

"Baba, ai shi ya faɗi wasan."

"Ni na ce miki wasa nake kallo?" Ya harare ta. "Mutumin da in ya ɓata miki, daga bakinsa za ki fara ji, shi zan ba wa 'yata. Ki ce ya turo manyansa Juma'a, su zo da sukarinsu na neman aure, yadda al'ada take."

Kwanon na'ana'ar ya kife. Lalla Fadma, wadda ashe tana laɓe a ƙofar kicin, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Nuhaila ta rubuta wa Anir: "Juma'a. Ka zo da dunƙulen sukari da manyanka."

"Ban gane ba. Ba Rida ne ya ci ba?"

"Ni ma ban gama ganewa ba, masoyi. Kai dai ka zo."

Bayan wata biyu aka yi biki. Masu gangar ƙauyen Lalla Fadma suka haɗu da abokan Anir mawaƙa, aka rasa mai bin wani, amma kowa ya taka rawa. Da aka zo tafiya da amarya, Si Lahusin ya kama hannunta ya sa a na Anir, ya riƙe su tare ya ƙi saki.

"Ɗana, ga ta nan. Ba zan bi ku in duba ba, ka riga ka hutar da ni."

Anir ya sunkuya ya sumbaci kansa, hawaye na zuba. Tsohon ya ɗaga hannu ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a mai gaskiya, gida ya amsa da amin.