Zumar da Ta Dawo Daga Tsibiri

Da hantsin wata Talata aka shigo da Baba Ɗanjummai asibitin Gumel a bayan a-kori-kura, ya dafe ciki yana ta kwara amai, numfashinsa sai warin tafarnuwa. Shi ne maigadin gidan marigayi Alhaji Habibullah, babban dillalin riɗi na kasuwar Maigatari. Likita ya duba shi, ya sa masa ruwa, sannan ya fita baranda ya kira 'yan sanda.

Sufeto Rahamatu ce ta zo. Gajeruwar mace ce mai sanyin magana, wadda masu laifi kan raina a ganin farko, su yi da-na-sani daga baya.

"Ba kwalara ba ce," in ji likita. "Guba ce, irin ta ɓera. Allah ya taƙaita, kaɗan ya sha."

"Wa ya san wannan magana?"

"Daga ni sai ke."

"To ta tsaya nan. Duk wanda ya tambaya, amai da gudawa ne."

Ta sunkuya kusa da maigadin. "Sannu, Baba. Me ka ci da safen nan?"

"Zuma ce, 'yar nan," ya faɗa da ƙyar. "Ragowar ta Alhaji. Hajiya ce ta ba ni a cikin kayansa da aka rabar. Yatsa ɗaya na lasa."

Rahamatu ta miƙe a hankali. Ba wanda bai san mutuwar Alhaji Habibullah ba a Gumel. A watan jiya ya ɗauki matarsa, Hajiya Mansura, suka tafi hutu wani otal na bakin teku a wani tsibiri na ƙasar waje. Bayan 'yan kwanaki ya tashi da amai da safe, kafin azahar rai ya yi halinsa. Can aka binne shi. Likitocin tsibirin suka ce zuciya ce, amma ba su rantse ba, domin kafin shi baƙi biyu sun mutu a otal ɗin, an rasa dalili. A gida kowa ya ɗora wa otal: wani ya ce ruwansu ne, wani ya ce feshin maganin sauro, wani ya ce aljanun teku.

Yanzu ga shi abin da ya kashe shi ya biyo akwati ya dawo Gumel.

A ɗakin maigadi ta sami kwalbar. Ta gilashi ce mai faɗin baki, da sauran salatif a wuyanta. Zumar ta yi baƙi da habbatus sauda, tana buɗewa warin tafarnuwa ya doke ta. Ta naɗe ta a leda ta aika da ita gwaji, sannan ta yi sallama cikin gida.

A tsakar gida ta tarar da Iya, mahaifiyar marigayin, a kan tabarma da carbi.

"Gara da kika zo," in ji Iya, tun kafin su gama gaisawa. "Mutum biyu suka tafi, ɗaki ɗaya, akushi ɗaya. Ɗaya ya mutu, ɗaya ta dawo ko ciwon kai babu. Ni dai ban ce komai ba."

Hajiya Mansura na ɗakinta cikin takaba. Ta rame, idanunta sun faɗa.

"Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Wa ya haɗa wa Alhaji kaya?"

"Ni ce."

"Har da zuma?"

"A'a. Ni na riga shi tafiya Kano wurin yayata, a filin jirgi muka haɗu. A akwatinsa na gan ta can. Mantawa ma ya yi da ita, sai safiyar ranar ya tuna, ya sha cokali biyu."

"Ke ba ki sha ba?"

"Gyambon ciki gare ni, ba na shiri da tafarnuwa. Ya miƙo min, ya ce an inganta masa ita saboda sanyin teku. Na ce a kai kasuwa." Ta goge ido da gefen mayafi. "Dariya ya yi."

"Wa ya inganta ta?"

"Na ɗauka mai zumarsa ne, Malam Ɗantsoho na Sule Tankarkar."

"Wa ya zaɓi otal ɗin?"

"Abdulfatah, yaronsa na kasuwa. Shi ke yi masa tikiti da komai. Ni wani wuri na nuna a waya, ya ce wannan ya fi tsafta."

Rahamatu ta dube ta. Matar da ta zuba guba a kwalba ba za ta sha wahalar ɗauko ta daga bayan teku ba, ta kuma miƙa wa maigadinta. Ga teku a bakin ƙofa, jifa ɗaya ya isa.

"Kada ki yi wa kowa zancen zumar nan, Hajiya. Ko Iya."

Washegari ta tafi Sule Tankarkar. Malam Ɗantsoho na ƙarƙashin wata tsamiya, ya jera galan-galan na zuma a kan benci. Ta nuna masa hoton kwalbar a waya.

"Wannan ba aikina ba ne, ranki ya daɗe. Ni a galan nake zubawa, ba ni da kwalba. Kuma ban taɓa sa wa zuma tafarnuwa ba. Wanda ya yarda da zumarsa me zai ɓoye?"

"Wa ya karɓi ta Alhaji?"

"Haladu direbansa. Daga duro ɗaya na cika masa na cika wa limaminmu, ga liman can yana jan salla lafiya lau."

Ta leƙa gidan liman, ta ga galan ɗinsa ya kusa rabi, iyalinsa kowa garau. Ta koma ta sayi ƙaramin galan a wurin Malam Ɗantsoho, ta biya ta kasuwa ta nemi kwalba mai faɗin baki.

Haladu direba ya zo ofis yana ta murza hula a hannu.

"Ka karɓi zuma a galan. Ta isa tsibiri a kwalba. A ina ta sauya riga?"

"Wallahi ban sani ba, ranki ya daɗe."

"Daga Gumel zuwa filin jirgi, ina da ina kuka tsaya?"

"Ba mu tsaya ba."

"Haladu, mai shayin Gagarawa Tasha ya san motar Alhaji kamar yunwar cikinsa. In aika a ɗauko shi?"

Ba ta taɓa magana da wani mai shayi ba, amma kibiyar ta samu. Haladu ya sunkuyar da kai.

"Mun tsaya a siton Alhaji na Gagarawa Tasha. Abdulfatah ne ya tare mu. Ya ce ba a shiga jirgi da galan, zai fashe a akwati. Ya shiga da shi ciki, ya fito da kwalba an naɗe ta da salatif, ya ce ya ƙara masa kayan ƙarfi."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Shi ya samo min aikin nan. Kuma ai cewa aka yi otal ne ya kashe Alhaji."

"Lafiya suke da Alhaji?"

"Tun ana shirya tafiyar na ji Alhaji a mota yana yi masa faɗa a waya. Ya ce, ‘Albarkacin mahaifinka na ba ka zuwa dawowata. In na dawo na tarar ba ka daina ba, da hannuna zan miƙa ka.’ Ban san a kan mene ne ba."

"Yaya kuka ji labarin mutanen da suka mutu a otal ɗin kafin shi?"

Ya buɗe mata zauren hirar 'yan kasuwar riɗi a wayarsa. Ga sanarwar rasuwa. A ƙarƙashinta, ko gawa ba a wanke ba, ga wani bidiyo daga Abdulfatah: rahoton bara ne cikin wani harshe da ba mai ji a Gumel, yana nuna ƙofar otal ɗin da motar asibiti.

Rahamatu ta daɗe tana kallon bidiyon. Ta san wa ya yi, amma maganar direba ɗaya ba ta ɗaure mutum. Abdulfatah zai ce zuma kawai ya juye, kwalba kuwa ta bi ta hannun Hajiya da ma'aikatan otal. Dole a sa shi ya nuna da kansa cewa ya san abin da ke cikinta.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ta cika ta batse. Raƙuma na kuka a kara, manyan motoci sun yi layi zuwa bakin iyaka, Damagarawa na ciniki da Kanawa. Rahamatu ta sa atamfa da mayafi, ta bar mutanenta biyu a bayan wata mota da ake yi wa lodin riɗin Alhaji, ta nufi rumfar marigayi.

Abdulfatah na zaune a kujerar Alhaji, cikin shadda fara ƙal, waya biyu a gabansa. Kusa da shi mahaifinsa ne, Malam Sabo, dattijo mai farin gemu, aminin Alhaji tun suna kiwon awaki. 'Yan kasuwa sun kewaye su ana shan shayi.

Ta gaishe su, ta faɗi ko ita wace ce. Abdulfatah bai ko motsa ba.

"Madalla, Sufeto. Ai tuni ya kamata hukuma ta bi mana kadin otal ɗin nan. Mutum uku fa!"

"Abin da ya kawo ni ke nan. Kai ka zaɓa masa shi?"

"Shi ya zaɓa, ni tikiti na yanka."

"Ka san an taɓa mutuwa a can?"

"Haba! Da na sani zan tura ubangidana? Sai bayan rasuwarsa na gani."

"Haka ne," in ji Rahamatu. Ta buɗe jaka. "Af, na kusa mantawa. Daga gidan nake, ana raba kayan marigayi. Malam, ga wannan, ragowar zumar da ya tafi da ita ce. Kai ne amininsa, kai ka fi cancanta."

Ta ajiye kwalba mai faɗin baki, baƙa da habbatus sauda, da salatif a wuyanta. Idon Malam Sabo ya ciko.

"Allah sarki, Habibu. Shi da zumarsa." Ya murɗe murfin, warin tafarnuwa ya tashi. Ya ɗauki cokalin shayi ya ɗebo. "Bismillah."

"Baba, bari sai an je gida," in ji Abdulfatah. Muryarsa ta sauya.

"Me zan jira?"

Cokali ya doshi baki. Abdulfatah ya zabura ya kaɗe hannun uban, kwalba ta faɗi ta tarwatse a kan siminti.

"Kada ka sha! Baba, kada ka sha!"

Malam Sabo ya bi ɗansa da kallo.

Rahamatu ta sunkuya, ta ɗauki murfin kwalbar, ta lakato zumar da ke jikinsa ta sa a baki.

"Zumar Malam Ɗantsoho ce, jiya na saya. Ni na daka tafarnuwar da hannuna. Abdulfatah, me kake tsoro a cikinta?"

"Na ji... na ji an ce maigadi ya sha ya kwanta."

"A bakin wa? Gari duk amai da gudawa suka sani. Likita bai faɗa ba, Hajiya na cikin takaba, maigadi ba a barin kowa wurinsa. Ban da mu, mutum ɗaya ne ya san akwai mutuwa a kwalbar nan: wanda ya zuba ta."

Abdulfatah ya waiga wajen iyaka, ya yi tsalle ya haye buhuna. Bai yi nisa ba ya faɗa hannun mutanenta, suka dawo da shi shaddar ta yi butu-butu.

Ta juya ga 'yan kasuwa, ta yi musu bayani dalla-dalla.

"Ba otal ne ya kashe Alhaji ba. An zaɓi otal ɗin ne domin ya ɗauki laifi. Wannan ya nemo wurin da baƙi suka mutu ba a gane dalili ba, ya tura ubangidansa can, don in ya mutu a ce na uku ne. Ya san can za a binne shi, ba mai tonawa. Ya karɓi zuma a Gagarawa Tasha ya zuba mata gubar ɓera, ya rufe launinta da habbatus sauda, warinta da tafarnuwa. Kuskurensa gaggawa: wanda labarin mutuwa ya zo wa ba zato, ba ya samo tsohon rahoto cikin baƙon harshe kafin a wanke gawa, sai in da ma yana ajiye da shi. Abu ɗaya ne bai lissafa ba. Ya ɗauka kwalbar za ta ƙare a kwandon sharar otal. Bai san Hajiya ba za ta iya barin ko tsinken mijinta a ƙasar wasu ba."

"To a kan me?" in ji wani dattijo. "Alhajin da ya ɗauke shi kamar ɗa?"

"Direba ya ji Alhaji na ce masa ya daina wani abu ko ya miƙa shi ga hukuma. Mu tambayi motar can mai buhunan Alhaji."

Aka sauke buhunan da ke can ƙasa. Kofur, ɗaya daga cikin mutanenta, ya soka wuƙa a na farko, riɗi ya zubo, sai ga ƙullin ƙwayoyin maye na biyo shi. Da sunan Alhaji da buhunansa ake tsallakar da su iyaka, shi ya sa ba mai bincikar motar. Abin da Alhaji ya gano ke nan.

Kasuwa ta ɗauki kabbara. Malam Sabo ya miƙe da ƙyar, ya tsaya gaban ɗansa.

"Albarkacina ya raga maka, kai kuma ka kashe shi." Ya juya ga Rahamatu. "Tafi da shi, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Kafin la'asar Abdulfatah ya amsa laifinsa. Wayarsa ta nuna ya sauke bidiyon tun kafin ya yanki tikiti, gwajin kwalba ta gaske kuma ya fito daidai da maganar likita.

Labari ya riga Rahamatu isa Gumel. Ta tarar da gidan Alhaji cike da mata, har da waɗanda suka ɗauke ƙafa tun dawowar Hajiya. Iya ta sa aka kama ta ta miƙe, ta dogara sanda har ƙofar ɗakin surukarta, inda rabonta da shiga tun ranar sadakar uku.

"Mansura, fito."

Hajiya Mansura ta fito ta durƙusa. Iya ta kamo hannunta ta ɗaga ta, ta juya ga matan da ke tsakar gida, ta ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji.

"Da bakina na zarge ta, da bakina zan wanke ta. Wannan 'yata ce. Ita ta rufe wa ɗana ido a inda ba shi da kowa, ita ta ɗauko hakkinsa ta kawo gida. Duk mai magana a kanta, ta zo ta same ni."