Mai Awon Zuciyar Biri

A bakin hanyar ruwan da ta ratsa gonakin Bunkure Abdulsamad ya fara ganinta, a tsugune gaban wani jan biri da manoma suka kashe saboda ɓarnar masara.

"Baiwar Allah, me za ki yi da mushen biri?"

"Zuciyarsa nake so," ta ce tana gyara safar hannunta. "Sunana Nafisat, ɗalibar jami'a ce ni. Ƙarfe da tagullar da ke cikin tsokar nake aunawa, in ga ko ta namiji ta bambanta da ta mace."

Ta ɗago ta yi murmushi. Bai tuna ya bar ruwa a buɗe ba sai da ya sha kan tumatirinsa.

Tun ranar zama ya gagare shi. Ko a garin Kura ya ji an kashe biri, sai ya figi babur da kular ƙanƙara, ya ɗauko mata zuciyar. Ya rubuta saƙo ya goge, ya sake rubutawa, da ƙyar ya tura:

"Likitata, an samu mace yau. Ni kuwa tawa zuciyar ta ƙi zama, yaushe za ki auna ta?"

Amsa ta shigo: "Manomina, taka ba ta awo ba ce, ta ajiya ce."

Raliya, 'yar maƙwabtansu da ta daɗe tana sonsa, ita ta kai wa mahaifiyarsa Kulu labari, wai boka ake kai wa zukatan, shi ya sa ɗanta ya susuce.

"Ba dai a gidana ba!" in ji Kulu. Ta karɓe mukullin babur, ta hana shi kiran Nafisat.

Maganar ta je kunnen Nafisat, ta rubuto: "In kai ma ka yarda asiri na yi maka, faɗa min. Ba zan ƙara tako Bunkure ba."

Abinci ya fita ransa. Ya shiga gona ya fito, ya rasa abin da ya kai shi. Daga ƙarshe ya durƙusa gaban Kulu.

"Inna, ki bi ni Kano ki gani da idonki. In kin ga boka, wallahi na haƙura."

A ɗakin binciken jami'ar, Kulu ta tarar da ɗalibai cikin fararen riguna, kowa da na'urar gabansa. Nafisat ta zube ta gaishe ta, idanunta sun kumbura. Kulu ta daɗe tana kallonta.

"To 'yar nan, wa ya fi ƙarfe a zuciya, mazan ko matan?"

"Ban gama awon ba, Inna."

"Ki yafe min, na ɗauki alhakinki. Ki ƙarasa awon a ɗakin aurenki, yaron nan ya rame."

Bayan an kwashe tumatir aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Kulu ta kama hannunta ta ɗora a na ɗanta.

"Ga shi nan, amana. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka."