Injin Wankin Inna

Rana ta yi sanyi, ina ɗaure bayan injin wani mai gidan wanki, sai ga kiran Yaya.

Ta ce, "Auta, in ka tashi aiki ka biya gidan Inna ka duba injin nan nata. So nake in ɗauke shi kafin masu haya su shigo. Maƙwabciya ma ta ce tana jin kukansa da yamma."

Na ce, "Wane kuka kuma, Yaya, a gidan da aka kashe wa wuta wata huɗu?"

"Ni dai abin da aka faɗa min ke nan. Shi moton da ka ce sai an kawo daga nesa, har yanzu bai iso ba?"

Na ce yana hanya. Bakina ya riga ya saba.

Shekara goma sha biyu ina gyaran injin wanki, har mutane na yi min laƙabi da Likita. In inji ya yi tari sau ɗaya na san ciwonsa. Amma injin mahaifiyata, wanda Yaya ta kawo mata saboda ciwon yatsu, shi ne ban taɓa kwance bayansa ba. Da ya fara tsayawa a tsakiyar wanki yana nuna E3 a ɗan gilashinsa, na san me yake nufi: moto ne ba ya juyawa yadda ya kamata. Sai in shigo a tsaitsaye, in danne maɓalli biyu tare, lambar ta goge, injin ya tashi, ni kuma in fice. Bayan kwana uku sai lambar ta dawo. Ranar da gogewar ta daina aiki, sai na ce wa Inna moton ya mutu, sai an yi odar sabo.

Ba ta yi musu ba. Ta jawo tsohon bahonta ƙarƙashin famfo ta koma wankin hannu. Shekara guda cur. Yatsunta suka tsattsage, sabulu na shiga yana cin ta. In na zo gaisuwa takan yi dariya ta ce, "Likita, inuwar giginya, na nesa ka sha." Ni ma in yi dariya, kamar wani mara kunya. Wata huɗu ke nan da rasuwarta.

Na isa gidan ana shirin magariba. Makulli ya yi gardama kafin ya buɗe. Warin gidan da aka daɗe da rufewa ya tare ni, ƙura da tsohuwar katifa. Na ɗaga babban makunnin wuta na bakin ƙofa, na bi ta tsakar gida zuwa ɗan ɗakin wanki da ke baya. Famfo na gefen ƙofarsa, na murɗa, ko ɗigo babu. Bahon Inna na nan a kife inda ta bar shi.

Na kunna injin. Ya yi ƙara sau uku, tit, tit, tit, koren haske ya nuna E3.

Wanda ya koya min aiki yana da doka guda: hannunka ba ya shiga cikin inji sai filogi na ƙasa a gabanka kana kallonsa. Na zare filogin na ajiye kusa da gwiwata. Na jawo injin daga bango, na matsa bayansa na tsuguna, na kwance noti huɗu na cire murfin, na sa tocila a baki.

Ban ma kai ga ɗauko mitar gwajin wuta ba na ga baƙar ƙura a zube ƙarƙashin moton. Duk da haka na gwada wayoyinsa. Lafiyarsu lau. Na juya gangar da ake zuba kaya a ciki da hannu, ta tafi sumul. Sai na zura hannu ta bayan bel ɗin robar da ke juya gangar na zaro kabon na farko. Kabon wasu 'yan sanduna ne guda biyu baƙaƙe kamar gawayi, su ke goga moto su ba shi wuta, kuma suna cinyewa da aiki. Wannan ya cinye har bai kai ƙwayar wake ba.

Na daɗe ina kallonsa a tafin hannuna.

Sababbi suna nan a aljihun gefe na jakata, fakiti guda, kullum da su nake yawo. Aikin minti goma ne. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Na saka na farko. Na zaro na biyu, na sake zura hannu tsakanin bel da ƙarfen ganga don in ɗaure sabon. Ƙyuya ta hana ni cire bel ɗin, irin ƙyuyar da ta kawo ni nan.

A nan na ji ruwa.

Ba ɗigo ba. Ruwa cikin baho, ana cuɗa tufa. Cuku, cuku, cuku. A tsaya. A matse, ruwan ya zuba. A sake.

Na ce a raina maƙwabta ne. Amma katangarsu na can gaba, wannan kuwa daga bakin ƙofar ɗakin yake fitowa, taku uku daga bayana.

Sai ƙanshin sabulun sanda ya cika ɗakin, irin wanda Inna ke yankawa gida biyu don ya daɗe.

Tit. Tit. Tit.

Koren haske ya bayyana a jikin bangon da ke gaban injin. Na sauke ido. Filogi na nan kusa da gwiwata.

Cuɗar ta tsaya.

Gangar ta motsa a hankali, ba wanda ya taɓa ta. Bel ya naɗe hannun rigata, ya matse min wuyan hannu da ƙarfe. Na ja, ya ƙara matsewa. Tocila ta faɗi daga bakina ta gangara ta mutu.

Na ji takun ƙafa mai jiƙe a kan siminti.

"Auta."

Muryarta ce. Har da 'yar shaƙewar nan ta mai yawan mura.

Na san wanda ya mutu ba ya dawowa. Na kuma san gidan da aka bari babu kowa, akwai masu tarewa a cikinsa, kuma sun iya aron murya.

"Auta, ya iso?"

Na nemi addu'a na rasa. Abin da ya zo bakina shi ne abin da ya saba zuwa.

"Yana... yana hanya."

Gangar ta ƙara juyawa. Na ji ƙashin hannuna yana ƙara.

Ruwa mai sanyi ya ɗiga a ƙeyata. Ɗaya. Biyu. Sai yatsu suka sauka a wuyana, jiƙaƙƙu, masu kaushi. Ina jin kowace tsaga a jikinsu.

"Ya iso?" A kunnena yanzu.

Hawaye suka ɓalle min. Na ce, "Babu wani moto. Kabon ne. Tun ranar farko yana cikin jakata."



Sai dariya, ƙasa-ƙasa, tana kauri tana komawa wata murya daban. A nan na tabbatar ba Inna ba ce, don Inna ba ta taɓa yi wa mai kuka dariya ba.

Moton ya tashi da ƙarfinsa duka.

"A'uzu billahi!" Na fizge. Hannun rigar ya yage daga kafaɗa, fatar bayan hannuna ta bi shi. Na banke ƙofa, na yi tuntuɓe da bahon, ruwan ɗumi ya fantsamo min a ƙafa. Ban waiga ba. Har na kai titi ina jin injin yana matse kaya a gidan da babu kowa.

Washegari da hantsi muka koma da Yaya da mijinta, hannuna a naɗe da bandeji. Filogi na ƙasa. Baho a kife, a bushe ƙayau. A cikin gangar muka sami hannun rigata, an wanke shi tas, babu ko ɗigon jini, an ninke shi gida huɗu.

Mijin Yaya ya sa filogi ya kunna. Injin ya tashi lafiya, babu lamba, alhali ban gama ɗaure kabon na biyu ba.

Yaya ta dube ni ta ce, "Moton ya iso ke nan?"

Na tsinto guntayen kabon biyun daga ƙasa na zuba mata a hannu, na faɗa mata komai, kaina a sunkuye. Na jira zagi, don na cancanta.

Ta juya su da yatsa, ta ce, "Ai Inna ta sani, Auta. Tun wata na biyu na kawo wani mai gyara a ɓoye. Ya leƙa ya ce aikin minti goma ne. Ta hana shi taɓawa. Ta ce ba za a ji a unguwa cewa ɗanta Likita ne amma bare ya gyara mata inji ba. Ta ce ranar da ka samu sarari za ka zo."

Injin yana gidan Yaya yanzu, bai sake nuna komai ba. Ni kuma tun daga ranar ban ƙara goge lamba a injin kowa ba sai na kwance bayansa, kuma na roƙi mutane su daina ce min Likita. Guntayen kabon nan biyu suna aljihun gefe na jakata, inda sababbin suka shekara.