Ƙara Kaɗan

Tun da matata Halima ta rasu, hannuna ne kawai ke aiki. Mutane sai yaba haƙurina suke yi, ni kuwa na ƙyale su. Ba haƙuri ba ne, komai ne ba na ji.

Haɗa dish ce sana'ata. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a sama yana juya farantin yana laluben tauraron ɗan'adam, ɗaya a ɗaki gaban talabijin yana faɗa masa ko sigina ya hau. Ka goce ko da faɗin farce ne, hoto ya ɗauke. A gida na koya, Halima ce mai duba min.

Ran nan da la'asar sakaliya na je gidan Malam Sabo, wani makiyayi a bayan Doguwa. Iska ta juya masa dish, tashoshin kyautar duk sun ɓace. A ƙarshen katanga aka kafa shi, bayanta kuma tsohon ramin haƙar kuza ne, cike da koren ruwa.

"Iyali sun tafi suna," in ji Sabo. "Bari in samo man injin wuta, Malam Isa, yanzu zan dawo."

Na hau katangar, na sassauta notuna da sifana. Rana ta faɗi. Warin ɗanyen kashin shanu ya taso, kwaɗi na ta kuka a ramin.

Sai suka yi tsit.

"Ƙara kaɗan."

Ta tagar ɗakin muryar ta fito, ƙasa-ƙasa. Hannuna ya juya farantin tun kafin in tambayi kaina wa ke magana.

"Ya fara kawowa, Isa. Ƙara kaɗan."

Muryar Halima ce, har da 'yar dusashewar nan tata ta yamma.

Ba a tada inji ba, amma shuɗin haske na wasa a labulen. Gabas tauraron yake, farantin kuwa ya koma kallon yamma. Duk na lura. Ko gezau ban yi ba.

Na ƙara juyawa. Farantin ya tokare min ƙirji, dole na ja baya.

"Saura ƙiris."

Dunduniyata ta wuce bakin katanga. Sanyin ramin ya taɓa ƙeyata.

"Taku ɗaya, in gan ka."

Na ɗaga ƙafa.

"Innalillahi! Kama ƙarfen!"

Fitilar babur ɗin Sabo ta dalle min ido. Na rungume sandar dish ɗin, ƙafafuna na lilo. Sifanata ta suɓuce ta faɗa ramin, ban ji ta taɓa ruwa ba.

Sabo ne ya janyo ni. Ɗakin kulle yake da kwaɗo. Da ya buɗe, duhu ne, filogin talabijin yashe a ƙasa.

Washegari ya sa aka maido da dish ɗin tsakar gida. Ya ce mutanen ɓoyen da ke ramin sun iya aron murya, ko saniya kan ji kukan ɗan maraƙinta a can ta bi. Ni kuma na sayi mitar da ke nuna sigina a hannu, ba na sa kowa ya duba min.

Har yau Sabo cewa yake yaudarata aka yi, ina gyaɗa masa kai. Ba a yaudare ni ba. Tun kalmar farko na san ba Halima ba ce, kuma duk da haka na ɗaga ƙafar.