Bahon Da Aka Ara Ranar Gayya

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zuba, gari ya ɗau zafi. Sufeto Iliyasu ya iso wani ƙauye a gefen Kunci daidai ana dawowa daga maƙabarta. Jiya aka yi gayyar noma a gonar Malam Muntaka, kafin gari ya waye amai da gudawa sun kwantar da masu gayyar.

Kowa Asiya yake zargi, matar da ta dama musu fura. Sufeto ya same ta ita kaɗai a kan tabarma, mata sun ja gefe.

"Baiwar Allah, me kika zuba a furar nan?"

"Nono da sukari, Yallaɓai. Ɗana Hashimu ma ya sha. Shi aka kai yanzu."

Sufeto ya tashi ya nufi mota.

A asibiti likita ya ce masa ba guba ba ce, ƙwayar cuta ce da ake samu a kashin dabba. Ya komo wajen Asiya.

"A cikin me kika dama?"

"Ƙwaryata ta yi kaɗan. Na ari bahon Nababa mahauci, wanda ya yanka akuyar gayya."

Nababa yana rumfarsa yana wasa wuƙa, Sufeto ya tambaye shi batun bahon da akuyar.

"Bahon wanki ne, Yallaɓai, nama bai taɓa shiga ba. Akuya kuma da ƙafarta ta zo."

Sufeto ya zaga bayan rumfa. Ga fatar akuyar an kafe ta a rana. Ya juya ta da sanda: daga wutsiya har ƙafafu busasshen zawo ne.

"Nababa, zo ka gaya min lafiyarta a nan."

Nababa ya ajiye wuƙar ya zo.

"Zawo take yi, ta kasa tashi. Na yi sauri na yanka kada ta zama mushe. A bahon na wanke hanjin. Da Asiya ta aiko aro na ɗauraye shi da ruwa kawai. Na ji tsoron in na yi magana a gane akuyar ba lafiya."

Ana sa shi a mota Asiya ta fito ƙofar gida. Ba ta ɗaga murya ba.

"Haba Nababa. Da ka ce min in sa sabulu."

Mutum uku aka binne: Hashimu, da wani ango, da ƙanen Malam Muntaka. Tara suna kwance a asibiti. Rabin gonar ba a nome ba.